Disneyland

Disneyland wurin shaƙatawa ne da ke birnin Anaheim a jihar Kalifoniya ta Amurka. Walt Disney ne ya gina shi, aka buɗe shi ranar 17 ga Yuli, 1955. Daga baya aka buɗe makamantansa a Florida (1971), Tokyo (1983), kusa da Paris (1992), Hong Kong (2005) da Shanghai (2016).

Bayan lilo da jiragen wasa, abin da ya fi jan hankalin yara shi ne ma'aikatan da ke shigar taurarin zane. Kashi biyu ne. Masu sanye da ƙaton kai, irin su Mickey Mouse da Goofy, galibi ba sa magana. Da hannu da rausaya suke gaisawa. Masu fuska a buɗe, kamar Cinderella, su kan yi hira da baƙi. Yaro kan miƙa ɗan littafinsa a sa masa hannu, a rungume shi, a ɗauki hoto. Wanda ya tsorata kuwa, gara a bar shi ya kalla daga nesa har ya sake.

Iyalai kan shirya tafiyar tun da wuri, domin kuɗin tikiti na canzawa gwargwadon rana, cunkoso kuma ya fi yawa lokacin hutun makaranta da Kirsimeti. Manhajar wurin na nuna tsawon jira a layi da inda taurarin za su fito. A ranakun yau da kullum, ba a barin ɗan shekara 14 zuwa sama ya shiga sanye da kayan taurarin zane.