Gida Ɗaya, Ƙarfi Daban: Tarihin Kwamfutocin PDP-11

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, tsakanin 1974 da 1978, ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke tashe a jami'o'i da masana'antun Amurka ita ce PDP-11 ta kamfanin DEC. Ana ce mata ƙaramar kwamfuta, alhali wata ta kai firiji girma. Ƙanƙantarta sai an gwada ta da manyan na IBM masu cinye ɗaki guda.

PDP-11 ba na'ura ɗaya ba ce, gida ne mai 'ya'ya da yawa, kuma tushen harshensu ɗaya. Bambancin yana ga ƙarfi da kuɗi.

Ta fari, 11/20, ta fito a 1970. Ma'adanarta ba ta wuce kilobayit 56 ba, kuma ba ta da umarnin ninka lamba ko raba ta. A kanta Ken Thompson da Dennis Ritchie suka raini Unix a Bell Labs. A 1972 aka fito da 11/45, mai ɗaukar kilobayit 248, wadda ke iya katange wa kowace manhaja wurinta don kada ta taka na wata. A 1973 aka sake rubuta Unix da harshen C. Sai 11/40, mai rahusa, sannan a 1975 babbar gidan, 11/70, mai megabayit 4.

Wanda ya san yadda ruwan Bakolori ke bin babbar magudana kafin ya rarrabu zuwa gonakin Talata Mafara, Bakura da Maradun zai gane tsarin na farko. Hanya ɗaya ce, Unibus, kowane saƙo ita yake bi. Da aiki ya yi yawa sai cunkoso, shi ya sa aka buɗe wa faifan ajiya hanyarsa daban a 11/70, wato Massbus.

Amma akwai katangar da duk gidan ya kasa tsallakewa. Lambar adireshinsu bit 16 ce, don haka manhaja ɗaya kilobayit 64 kawai take gani a lokaci guda, komai yawan ma'adanar. 11/45 da 11/70 sun yi dabara: 64 na umarni, 64 na bayanai. 11/40 ba ta da wannan. Saboda haka babbar manhajar da aka gina a 11/70 sai ta ƙi tashi a 11/40, ga suna ɗaya. Mafitar DEC ita ce sabon gida, VAX mai bit 32, a 1977.

Mu ma yau haka muke fama. Wayoyi biyu, kamfani ɗaya, amma manhajar banki ta tashi a wannan ta maƙale a waccan. In mun je sayen waya, mu tambayi girman ma'adana kafin sunan kamfani. Mu masu rubuta manhaja kuma, mu fara gwada ta a kan ƙaramar wayar da ke hannun manomi.