Hisabin Malaman Da a Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya ga samarin Gusau a kwanakin jarrabawa, yadda suke kwana a kan matsalolin aljabara da na handasa domin neman gurbin karatu a jami'a, ko neman ƙarin digiri a ƙasashen waje, zai iya zaton wannan wahala baƙuwa ce wadda boko ya kawo mana, alhali kuwa tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau, akwai zaurukan da ake gwada ƙwaƙwalwar almajiri da mas'alolin da ba su gaza waɗannan sarƙaƙiya ba.

Kusa da Tsafe akwai kufan 'Yandoto, garin da ya shahara da malamai tun zamanin da yankin yake ƙarƙashin Katsina, wanda har yau sunansa yake cikin sarautar Tsafe. Malamansa sun saɓa da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, har Muhammadu Bello ya ci garin a farkon shekarun jihadi, jama'arsa suka watse.  Amma duk da saɓanin, littattafan fiƙihun da ɓangarorin biyu suke karantawa ɗaya ne, wato Risala da Muhtasar na mazhabar Malikiyya, kuma wanda ya bi kowannensu zuwa ƙarshe dole ya ci karo da babin fara'ili, wato rabon gado, inda nahawu da hadda ba su isar mutum, sai ya iya hisabi.

Dubi mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda ake jingina warware ta ga Sayyidina Ali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Asalin mas'alar 24 ne: 'ya'yan suna da sulusi biyu, wato 16, uwa da uba kowanne yana da sudusi, wato 4 da 4, matar tana da sumuni, wato 3. Idan almajiri ya tara sai ya ga 27, ga shi kuwa dukiyar kashi 24 ce, kuma babu wanda ya halatta a hana shi abin da Alƙur'ani ya yanka masa. Mafitar ita ce auli, wato a ɗaga asalin zuwa 27, tawayar ta shafi kowa gwargwadon rabonsa, sumunin matar ya koma tusu'i. Wanda ya fahimci dalilin wannan, ba haddar amsar kaɗai ba, ya fahimci ɓangaren lamba da nisba fiye da ɗalibai da yawa da suke riƙe da takardar shaida a yau.

Ita kanta aljabarar da wannan fage ta taso. Littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya wallafa a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajajen shekara ta 820, wanda daga sunan littafin ne fannin ya sami suna, yana da babi a kan awon fili, sa'an nan kaso mai yawa daga cikinsa mas'alolin wasiyya ne. Ga irinsu: mutum ya bar 'ya'ya maza uku, ya yi wasiyya a ba wani daidai rabon ɗa guda amma a rage masa ushirin dukiyar. Rabon ɗan ba a san shi ba sai an fitar da wasiyya, wasiyyar kuwa ba a san ta ba sai an san rabon ɗan. Idan aka ƙaddara dukiyar kashi 40 ce, ushirinta 4, sai a ce rabo huɗu idan an cire musu 4 sun zama 40, ke nan kowane ɗa ya sami 11, mai wasiyya ya sami 7. Malamin da aka kira rabon gona a ƙauyukan Bungudu, yana riƙe da igiyar awo, ga fadama a gefe guda ga tudu a ɗaya gefen, ga magada kowa ya zuba ido, aikin da yake yi ke nan, kuma kuskurensa haƙƙin maraya ne.

Ƙasar Katsina ta fitar da wanda sunansa ya kai Misira a fagen hisabi, shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi a kan hatimai a 1732, ya bayyana hanyoyin jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi, tsaye da kwance da karkace, zai ba da jimla ɗaya, kamar hatimin gida tara da kowane layinsa yake ba da 15. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan wani mai suna Hasan al-Jabarti. Gaskiya ne mutane da yawa sun nemi hatimi domin asiri, malaman Sunna kuma sun yi inkarin haka, amma ƙa'idar jera lambobin lissafi ce tsantsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda hanyoyin biyu suka rabu bayan zuwan boko, mai karatun zaure ya ɗauki aljabara kayan Nasara, ɗan makaranta kuma bai taɓa jin cewa kakanninsa sun yi ta ba. Yanzu da Gusau take da jami'ar tarayya tun 2013, ina roƙon malaman lissafi na jihar nan su zauna da malaman fara'ili, su shigar da Mimbariyya da mas'alolin wasiyya cikin darussan da suke shirya ɗalibai da su domin jarrabawa.