Zubin Farko: Daga Darar Gidan Waya Zuwa Wasan 1972



Ina yaro a Gidan Waya, bayan La'asar dattawan unguwarmu kan zauna gindin mangwaro su haƙa gurabe 30 a ƙasa. Wannan ya ɗebi tsakuwa 12, wancan ya karya tsinke 12. Kafin a fara ci sai an gama zubi, kuma ba a yarda ka jera uku lokacin zubi ba. Kawuna yakan ce a nan ake cin mutum, sauran duk ƙarasawa ce. Ba a rubuta makin kowa, amma har mu yara mun san gwani, mun san wanda ake wasa da shi don ladabi kawai.

Wani ɗalibin Kwalejin Ilimi ne ya fara nuna mini darar Turawa, wato ces. Su kam sun mai da gwaninta lissafi. Hukumarsu ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta karɓi tsarin maki na Elo a 1970.

Wasan da ya fi zauna mini a rai shi ne na shida a karawar Reykjavik ta 1972. Bobby Fischer na Amurka yana da maki 2785, Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, mai riƙe da kambu, yana da 2660. Kusan duk rayuwarsa Fischer da sojan gaban sarki yake buɗe wasa, kuma kowa ya san haka. Ran nan sai ya tura sojan layin c, wasa ya koma buɗin da ake sadaukar da soja ta ɓangaren sarauniya, abin da ba a san shi da shi ba. A tafiya ta 41 Spassky ya sallama, ya kuma bi 'yan kallo yana tafa masa.

Wannan tafin ne ya tuna mini gida. A gindin mangwaron nan na ga an cinye kawu, ya miƙa wa maƙwabcinmu Bakaninkon hannu suna dariya. Bayan rikicin Kafanchan na 1987 zaman ya fara raguwa, na 2011 kuma ya watsa mutane da dama.

Ɗana yanzu a waya yake buga ces, har yana gaya mini makinsa. Jiya na haƙa masa gurabe a tsakar gida. Ya jera uku tun a zubi, na ce ya kwashe.