Awon Albarushi a Bindigar Toka

Bindigar toka, wadda maharba ke kira adaka, ta baki ake ɗura ta. Mai ita kan zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya sa harsashi, sannan ya daka da sandar ƙarfe. Kowane harbi da nasa awon, kuma a kan wannan awo rai da yatsun maharbi suka rataya: in ya gaza, harsashi ba zai kai ga nama ba, in ya zarce, bututun na iya tsagewa a hannunsa.

Bindiga ta daɗe a ƙasar Kano. Tarihin sarakunan Kano ya nuna an riƙa shigo da ita a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), kuma Babba Zaki (1768-1776) ne sarki na farko da ya kafa wa kansa dakarun 'yan bindiga. Wasu bindigogin sun biyo ayarin Sahara, wasu sun hauro daga bakin teku, inda Turawan Denmak da Ingila da Holan ke sayar da su tare da albarushi. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin masu ƙanƙara. Wannan na cikin dalilan da suka sa adaka ta zauna daram a karkara bayan Turawa sun ci Kano a 1903.

Baƙin albarushi da cikar ma'auni ake auna shi, kamar hatsi a mudu. A Turai da Amurka akan riƙe shi cikin ƙaho ko battar tagulla mai bakin awo, wadda ke fitar da adadi guda a kowace zubawa. Maharban Afirka ta Yamma kuwa sun fi dogara da tafin hannu da ido, sai kuma yatsu: bayan an daka, akan duba yawan yatsun da sandar ta ɗara bakin bututu, a san nauyin ɗurin. Ba a rubuta wannan ilimi ba. Ɗa yakan koya a gefen ubansa, ya san cin kowace bindiga, domin wadda maƙeri ya ƙera a ƙauye ba ta ɗaukar abin da ta Turai ke ɗauka, balle da aka koma yin bututu da famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota. Duk wanda ya raina wannan awo bai san irin natsuwar da yake buƙata ba.

A 1884 Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin, don haka masu sake cika kwanson harsashi a ƙasashen waje suka koma ga sikeli da na'urar awo mai hannu. A nan gida sauyin ya zo da haɗari, domin wanda ya farke harsashin zamani ya juye garinsa cikin adaka bisa tsohon awo, bututun ba zai jure ba.

A yankin Bagwai na ƙasar Kano gonaki sun cinye daji, ga kuma noman rani da madatsar ruwan Watari ta kawo, sai manyan namun daji suka yi ƙaura. Abin da ya rage wa maharbi da rani shi ne zomo da zabo da fakara, waɗanda ɗuri kaɗan da ƙananan duwatsun harbi ke isar musu. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware bindigar toka a rukuninta. Inda aka fi jin ƙararta yanzu shi ne hawan Sallah da naɗin sarauta, inda 'yan bindiga ke ɗura albarushi da tsumma kaɗai, ba harsashi, su auna shi don amo da hayaƙi.