Hazon Kano: Ba Daga Sama Kaɗai Yake Ba

Jama'a, duk wanda ya hau Dala da sassafe a kwanakin nan ya ga yadda birni ya lulluɓe, ko Goron Dutse da kyar ake hange. Mu dai mukan ce “hunturu ne”, mu wuce. To amma abin yana da tarihi.

Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Tun a 1945 wasu masana yanayi biyu, Hamilton da Archbold, suka danganta hazonmu da yankin Faya-Largeau. Da haka masu hasashe suka samu makama: in ƙura ta tashi can, a saurare ta a Kano bayan kamar kwana guda. A 1980 kuma Grant McTainsh ya wallafa bincikensa kan ƙurar da ke sauka a ƙasar Kano.

Yau kwamfuta ke wannan lissafi. Tsarin hasashe irin su WRF-Chem kan haɗa iska, zafi da hayaƙi, ya nuna inda gurɓatacciyar iska za ta taru. Abin da ya shafe mu shi ne: a daren hunturu iska mai sanyi kan kwanta ƙasa, mai ɗumi ta danne ta kamar murfin tukunya. Hayaƙin janareta, na itace, na A Daidaita Sahu, da bolar da muke cinna wa wuta, duk ba su da mafita. A lungunan cikin ganuwa kuwa, dama iska ba ta samun hanya.

Irin murfin nan ne ya rufe Landan a Disambar 1952, mutum kusan 4,000 suka mutu cikin ɗan lokaci. A 1956 suka yi dokar tsaftace iska.

Mu ma muna da NiMet tun 2003, tana kuma gargaɗin hazo. Amma tsohuwa mai asma a Yakasai, wa ke kai mata labari? Gidajen rediyo su riƙa karanta gargaɗin da Hausa, masu unguwanni su hana ƙona shara bayan magariba.

Ƙurar Chadi ba mu da iko da ita. Wutar bolar ƙofar gida kuwa, mu ne muka kunna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.