Mudu Biyu a Zane Ɗaya

A shekarar 1786 wani mutumin ƙasar Sukotlan mai suna William Playfair ya buga littafi a kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe. Maimakon ya jera alƙaluma kamar yadda aka saba, sai ya zana su. Ya ja layi mai hawa da sauka bisa ga shekaru, har bashin da ke kan gwamnati ya nuna yadda yake hauhawa da kowane yaƙi. A cikin littafin kuma akwai zanen sanduna, inda doguwar sanda take nufin abu mai yawa, gajeriya kuwa kaɗan. Dabara ce mai kyau, gama wanda lissafi yake ba shi wuya yana iya gane magana da kallo ɗaya. Amma abin da ido ya karɓa da sauri, hankali ba ya cika tsayawa ya tuhume shi. 'Yan siyasa kuwa sun san haka.

A watan Afrilu na 2013 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Benezuwela. Maduro ya sami kashi 50 da 'yan kai cikin ɗari, Capriles ya sami kashi 49 da 'yan kai. Ratar ba ta kai kashi 2 ba. Amma a zanen da gidan talabijin na gwamnati ya nuna, sandar Maduro ta ninka ta abokin takararsa sau da yawa. Alƙaluman gaskiya ne. Gindin sandunan ne aka sare, ba a fara awo daga sifili ba. Kamar a tsai da mutum biyu bayan katanga ne, a ga kan ɗaya duka, na ɗayan kuwa hularsa kaɗai, sa'an nan a ce na biyun wada ne.

Labarin da ya fi damuna shi ne na Amurka, domin zanen daga wajen waɗanda nake goyon bayansu ya fito. Ran 29 ga Satumba 2015 wani kwamiti na Majalisar Wakilai ya kira Cecile Richards, wadda take shugabar ƙungiyar Planned Parenthood a lokacin. Ƙungiya ce mai asibitoci da yawa, tana gwajin cututtukan mata, tana kuma zubar da ciki. Shugaban kwamitin, Jason Chaffetz, ya sa aka haska wani zane mai kibiya biyu. Ɗaya tana gangarowa, ita ce ta gwajin ciwon daji. Ɗayar tana hawa, ita ce ta zubar da ciki. A tsakiya suka gitta juna. Duk wanda ya kalla zai ce zubar da ciki ya riga ya fi gwajin yawa.

To, ga alƙaluman da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a bakin kiban. Gwajin ciwon daji ya sauko daga 2,007,371 a 2006 zuwa 935,573 a 2013. Zubar da ciki ya tashi daga 289,750 zuwa wajen 327,000. Mai karatu, ka duba da kyau: an ɗora 327,000 a bisa 935,573. Babu ma'auni ko ɗaya a gefen zanen, kowace kibiya da nata mudu. Chaffetz ya ce daga rahotannin ƙungiyar ya samo alƙaluman. Lauyan matar ya raɗa mata a kunne, sai ta faɗi sunan masu zanen, wanda yake rubuce a ƙasansa: Americans United for Life, ƙungiyar masu gaba da zubar da ciki.

Ni kaina ina koya wa masu shirin baftisma cewa rai na Allah ne tun yana cikin mahaifa, ban kuwa sake ra'ayi ba. Amma a aji ɗaya nake koya musu dokar da ta hana shaidar zur, da gargaɗin Littafin Karin Magana a kan ma'aunin algus. Ban ga inda aka ce dokar ta faɗi idan shaidar ta taimaki namu ba.

Gyaran bai bukaci gwani ba. Cikin kwanaki kaɗan 'yan jarida suka sake zanen da alƙaluman nan guda, suka sa ma'auni ɗaya a gefe wanda ya fara daga sifili, suka kuma cika shekarun tsakani da aka tsallake. Sai layin zubar da ciki ya kwanta a ƙasa, da ƙyar ake ganin hawansa. Layin gwaji ya faɗi ƙwarai, fiye da rabi, duk da haka ya tsaya kusan ninki uku a samansa. Layukan ba su taɓa haɗuwa ba. Ɗan makaranta mai takarda da ma'aunin katako zai iya yin wannan aiki da kansa. Akwai kuma dalilin da zanen ya yi shiru a kansa: a 2012 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da shawara mace ta yi gwajin bakin mahaifa sau ɗaya a shekara uku, ba kowace shekara ba, wannan kuwa ya rage yawan gwaji.

Bayan gyaran, 327,000 tana nan daram, ba wanda ya musanta ta. Ita ce ya kamata a kwana a kanta. Amma washegari labarin kiban ne ya bazu, da lauyan da ya yi raɗa, da shugaban kwamiti da aka kama da mudu biyu a hannu.