Daga Tulun Burkutu Zuwa Ƙwayar Tramol



Hausawa sun ce in ba ka san inda aka fito ba, ba ka san inda za a je ba. Abin maye ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, azna na ƙauyuka suna dafa burkutu da dawa, akwai taba, akwai kuma zaƙami a bayan gari. Amma kowane yana da iyaka. Burkutu sai da kaka ko ranar biki, manya ne ke sha, yaro ba ya zama cikinsu. Ga wari, ga tangaɗi. Wanda ya sha ba ya ɓoyuwa, kunyar malam da ta suruki tana tsare mutum.

Da Nasara suka ci yaƙin Tirmini suka shiga Zinder a 1899, sai giyar kwalba ta biyo su. Ko su ma sun san sharrinta, domin a Burusel a 1890 sun ƙulla yarjejeniyar taƙaita shigo da barasa ƙasashen Afirka. Saboda haka ta tsaya a bariki, tsakanin soja da ma'aikata, ba ta kai ga manomi ba.

Abin da ya kai gare shi ƙwaya ce. Yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 sun kori samarinmu zuwa Kano da Ikko, suna dako da ga-ruwa. Can suka ga masu haɗiyar ƙwaya don su kashe gajiya, da masu shaƙar sholisho. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, maganin farmasi ya yi tsada, masu tallar magani a faranti suka cika kasuwanni. Ta wannan ƙofa tramol ya shigo. Maganin ciwo ne da aka ƙirƙiro a Jamus, likita na ba da miligiram 50 ko 100, amma na sumoga da ake yi a Indiya yakan kai 225. Mai shan sa yana noma kamar ba ya gajiya, daga baya sai farfaɗiya, sai jiki ya ƙi aiki in babu shi. Kuɗin gero ya ƙare a ƙwaya, ɗan kabu-kabu ya faɗi kan kwalta.

Hukuma ta yi doka a kan miyagun ƙwayoyi a 1999. Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. A 2021 Aïcha Macky ta nuna wa duniya rayuwar samarin unguwar Kara-Kara a fim ɗinta mai suna Zinder. Amma jandarma ba ya kwana a ɗakin ɗanka.

Ga bambancin da ya kamata dattawa su lura da shi: tramol ba ya wari, kuma ba don shagali ake fara shi ba, don aiki ne. Uban da ke yabon ɗansa ya nome gona biyu rana ɗaya, ya bincika abin da ke aljihunsa. Mai gayya kada ya sayo wa ƴan aiki. Ɗan cirani ya kawo tsarabar sabulu da zane, ya bar ƙwaya can. Wanda ya riga ya kamu kuwa, kada a ɗaure shi a turu, a kai shi likita a Takeita ko Zinder.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.